Neman shawara: za mu ja Corolla otomatik a bayan babbar mota daga Kumasi zuwa Tamale

Abdul-Basit, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kawuna ya dawo daga Amurka da irin motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki. Yana so mu tafi da ita Tamale ɗaurin aure, kuma mu ɗaura Corollarsa a baya don zirga-zirgar cikin gari, tunda babbar ba ta shiga lungu. Corollar ta 2017 ce, otomatik, da tayoyin gaba take ja. Kawu ya ce a can haka ake yi, ƙarfen ja kawai ake haɗawa a sa giya a N, wato firi, a kama hanya. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Masu sani ku taimaka, giyar ba za ta lalace ba?

Danlami, Asawase:
Wa alaikumus salam. Sa ta a N ku tafi abinku. Na taɓa jan Camry daga Tafo zuwa Suame da igiya, har yau tana kan titi.

Masta Iliyasu, Suame Magazine:
Danlami, ƙanina, Tafo zuwa Suame ai nan da nan ne. Tamale kuwa ana maganar kusan kilomita 380. Abdul-Basit, ɗana, ka gaya wa kawunka kada ya yi. Bari in yi maka bayani yadda za ka iya maimaita masa.

A cikin giyar otomatik akwai famfon da ke tura mai ko'ina, kuma inji ne ke juya wannan famfo. Inji ya mutu, famfo ya tsaya. To amma tayoyin gaba suna ƙasa suna gudu, su kuma suna juya shaf, shaf yana juya kayan cikin giya. Ƙarfe ke nan yana gurzar ƙarfe, man da zai sanyaya su yana kwance a ƙasan kasko. Sa ta a N yana raba inji da giya ne kawai, tayoyi suna nan manne da ita.

Taku ma ta fi tsanani, don Corolla ta Amurka ta 2017 giyar CVT gare ta. Bel ne na ƙarfe yake yawo tsakanin fuli biyu, kuma ƙarfin mai ne ke matse shi. An taɓa kawo mini irinta da aka jawo daga wajen Techiman a bayan Kia Rhino. Da na kwance kaskon, man da ya kamata ya fito garau ya zama baƙi wuluk, yana ƙaurin ƙuna, maganaɗisun da ke ƙasan kaskon kuma ya yi gashi da garin ƙarfe. Mai motar yana tsaye yana rantsuwa cewa a N take tun daga farko. Gaskiya ya faɗa. Sai da aka nemo masa wata giyar gaba ɗaya a wajen masu kayan gwanjo.

Abdul-Basit:
Na gode Masta. To me ya sa kawu ya nace cewa ya gani da idonsa?

Alhaji Mumuni, Bronx:
Kawunka bai yi ƙarya ba, muna ganinsu a manyan hanyoyi kullum. Sai dai masu yin hakan tun wajen saye suke zaɓen motar da kamfani ya yarda a ja ta taya huɗu a ƙasa. Jeep Wrangler ce aka fi gani, domin tana da ƙaramar giya ta biyu mai raba ƙarfi gaba da baya, ita ake sakawa a N sai tayoyi su rabu da babbar giya kwata-kwata. Honda CR-V ma har zuwa ta 2014 ana janta, amma da sharaɗi: a tayar da inji, a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, a dawo N daga D, a bar inji ya yi minti 3, sannan a maimaita duk bayan awa 8 na tafiya. Da suka koma CVT a 2015 sai suka hana. Ka buɗe littafin Corollar da ke cikin akwatin gaba, ka nemo shafin jan mota ka nuna masa. Dattijo ya fi yarda da abin da ya karanta da kansa.

Danlami:
To a bar injin Corollar a kunne mana, famfo ya yi ta aiki. Ba shi ke nan ba?

Masta Iliyasu:
Famfo zai juya, na yarda. Amma wa ke kallon allurar zafi? Inji yana aiki ba kowa a ciki, babbar mota ta tare masa iska ta gaba. In ya mutu a Kintampo ba wanda zai sani sai kun isa Buipe. Kuma in har za ku ƙona mai tun daga Kumasi, me ya hana mutum ya zauna a ciki ya tuƙa ta?

Abin da litattafan Toyota da yawa suka yarda da shi ja ne na larura: gudu ƙasa da kilomita 30 a awa, nisa kada ya wuce kilomita 80, kuma da direba a ciki. Wannan don a fitar da mota daga kan titi zuwa gareji ne. Danlami a cikin wannan rangwamen ka tsira.

Yakubu mai janwe, Sawaba:
Masta ya gama magana kan giya, ni ga ɓangarena. Hanya biyu ce mai lafiya. Ko a ɗora ta gaba ɗaya a kan tirela ko janwe mai shimfiɗa, ko a samo ɗan keken nan mai taya biyu da ake kira doli, a hau da tayoyin gaba a kansa a ɗaure da bel, na baya su yi ta gudu a ƙasa. Tunda da gaba take ja, na bayan ba ruwansu da giya. A tuna a saki birkin hannu. Da mai ja da baya ce, da sai a kwance farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya. Mai ja da taya huɗu kuwa, in ba irin wadda kamfani ya yarda a ja ba ce, sai an ɗaga ta duka.

Ku duba kuma ƙarfen ja na babbar motar, akwai lambar nauyin da zai iya ɗauka a jikinsa. Corolla tana kusan kilo 1,300, ga nauyin dolin. Fitilun birki da sigina dole su yi aiki a baya, in ba haka ba 'yan sandan MTTD masu kula da hanya za su tsayar da ku, kuma da gaskiyarsu. Hanyar nan tireloli masu zuwa Burkina sun yi yawa, ga tudun rage gudu a kusan kowane ƙauye. Bayan kilomita kaɗan na farko ku tsaya ku sake matse bel, yana saki. Kuma da doli ba a yin ribas, sai an kwance.

Hajiya Rabi, Sabon Zongo:
Abdul-Basit, ɗana, ba kana da lasin ba? Kai ka tuƙa ƙaramar, kawunka ya tuƙa babbar, ku bi juna. Mata da yaran da za su je bikin ma sun sami wurin zama. Kuɗin fetur bai kai kuɗin hayar doli ba, balle na sabuwar giya.

Abdul-Basit:
Hajiya, ina da shi. Kawu ne yake so in zauna kusa da shi mu riƙa karɓar juna, don bai saba da hanyar ba. Na nuna masa maganar Masta da shafin littafin, ya karanta ya ce a bar zancen ja. Yanzu direba muke nema wa Corollar. Yaya Yakubu, ko kana da yaro amintacce da ya san hanyar Tamale?

Yakubu mai janwe:
Akwai. Ɗan Savelugu ne, yana yawan bin hanyar. Ka zo Sawaba gobe bayan la'asar ku gana, ku yi maganar kuɗinsa da na motar dawowa.

Masta Iliyasu:
Kafin ku tashi ka biyo da su biyun ta gareji in duba ruwa da birki da tayoyi. Babbar ta daɗe a tsaye a tashar jirgin ruwa ta Tema, ina so in ga shekarar da ke jikin tayoyinta.