Jan Jeep a kan tirelar haya daga Dallas zuwa Moab: shawarwarin 'yan zaure

Mai Jeep, Dallas:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da jan kaya a doguwar hanya. Ina da niyyar kai motata Jeep Wrangler Rubicon mai ƙofa huɗu garin Moab na jihar Yuta a makon Easter Jeep Safari, taron da masu hawan duwatsu da mota suke yi tun 1967, kuma daga nan tafiyar ta kai mil 1,000 ko kusa da haka. Ba na son in tuƙa ta da ƙafafunta, domin na sa mata tayoyi masu inci 35 waɗanda kwalta ke cinyewa da wuri, sannan idan wani abu ya karye a kan dutse ina so ya zama akwai abin da zai dawo da ita gida. Shirina shi ne in ɗauki hayar tirelar mota a kamfanin haya na U-Haul. Abin da zai ja ta kuwa, ko dai Toyota 4Runner ɗin da nake hawa kullum, ko kuma a-kori-kurar Ford F-250 ta surukina, wanda ya ce zai ara mini idan ina bukata. Wacce ta fi dacewa, kuma me ya kamata in sani kafin in biya kuɗi?

Direban babbar mota, Oklahoma City:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka cire 4Runner daga lissafi tun yanzu, domin iyakar abin da kamfaninta ya amince yawancin samfuranta su ja shi ne fam 5,000. Tirelar da kake magana a kanta, ba tare da komai a bisanta ba, fam 2,210 ce, wato kilo dubu da 'yan kai, ita kuma Rubicon mai ƙofa huɗu yadda ta fito daga kamfani tana kusa da fam 4,450. Kafin ka ƙara ko da kwalbar ruwa ka riga ka haura fam 6,600. Akwai kuma wani sharaɗi da mutane da yawa ba sa karantawa: nauyin motar da za ta ja dole ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyin tirela da motar da ke kanta gaba ɗaya. F-250 mai ƙofa huɗu ya haura fam 6,000, saboda haka shi ne zai cika wannan sharaɗi. Ka je ka gaishe da surukinka da kyau.

Abin da ya fi damuna shi ne nauyin Jeep ɗin taka a yau, ba wanda aka rubuta a takarda ba. Iyakar lodin tirelar fam 5,290 ne. Idan ka sa mata bamba ta ƙarfe gaba da baya, da injin jan igiya, da farantan kare ciki, ga manyan tayoyi har biyar, sai ka tarar ka matso wannan iyaka ba ka sani ba. Ka cika tanki, ka shiga kowace tashar manyan motoci mai sikelin CAT, ka hau da ita ka karɓi takarda. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, kuma daga nan za ka san abin da ya kamata ka sauke. Jak, da akwatin kayan aiki, da jarkokin mai da na ruwa, duk a bayan a-kori-kurar za su zauna, ba a cikin Jeep ba.

Bakanike, Houston:

Alhaji ya gama maganar nauyi, ni kuma zan yi maganar taya, domin a nan ne masu irin motarka suka fi shan wahala a harabar masu haya. Ita wannan tirela da ragar bel take kama tayoyin gaba biyu, ana jefa ragar ta rufe saman tayar sannan a ɗaure da abin murɗawa da ke gaba, kuma an yi tsawon ragar ne don tayar motar gida. A kan taya mai inci 35 sau da yawa bel ɗin ba ya kaiwa, ko kuma ya kai da ƙyar ya zauna a gefen kafaɗar tayar maimakon tsakiyarta, wanda hakan ya fi rashin kaiwar haɗari tunda ido zai ga kamar an ɗaure.

Kafin wannan ma, ka ɗauki tef ka auna faɗin motar daga wajen tayar hagu zuwa wajen tayar dama. Abin da tirelar ke karɓa bai wuce kimanin inci 79 ba. Rubicon da ƙafafunta na asali tana shiga babu matsala, amma idan tayoyinka masu faɗin inci 12.5 ne kuma wilinka ya turo waje, za ka ji gefen tayar yana goga murfin ƙafar tirela tun kana hawa. Tsawo ba zai dame ka ba, domin tsakanin ƙafar gaba da ta baya a motarka inci 118 ne da ɗan ɗori.

Shawarata ita ce, idan tayoyin asali masu inci 33 suna nan a garejinka, ka mayar da biyu a gaba don tafiyar kawai, ka ɗora manyan a bayan a-kori-kura, idan ka isa ka canja. Aikin rabin sa'a ne. Sharaɗi ɗaya: da ƙafafu masu bambancin girma kada ka sa giyar ƙafa huɗu ka yi yawo a kan kwalta, hawa tirela da sauka kawai za ta yi da su.

Wani mai Jeep, Tulsa:

Malam, ni abin da na ga abokan tafiyarmu suna yi ya fi wannan sauƙi. Suna rage iskar tayoyin gaba sosai har tayar ta ɗan zauna, sai ragar ta kai. Me zai hana ya yi haka ya huta da canja ƙafa?

Bakanike, Houston:

Ana yi, ban musa ba, kuma a tafiyar cikin gari ba zan ce komai ba. Amma taya mai ƙarancin iska tana lotsawa a duk ramin da tirela ta faɗa, duk lotsawa kuwa sassauci ne ga bel, kuma mil 1,000 ramuka ne masu yawa. Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya ƙara da bel ɗin ɗauri nasa na kansa guda huɗu, waɗanda aka rubuta ƙarfin aikinsu a jiki, ya ɗaura su a aksil na gaba da na baya, ba a jikin shasi ba. Dalilin shi ne motar da aka ƙara wa tsayi daga ƙasa tana da sifirin mai laushi, jikinta yana hawa yana sauka a kan hanya, bel ɗin da aka ɗaura a shasi zai yi ta saki yana fizga har ƙugiya ta kuɓuce. Aksil kuwa a zaune yake tare da tirela. A kula kada bel ya danne bututun man birki da ke kwance a jikin aksil ɗin. Haka nan ya gaya wa masu hayar girman tayarsa da gaskiya tun wajen yin rajista, domin idan ya rubuta motar kamar ba a canja mata komai ba, ranar da wani abu ya faru maganar inshora za ta yi wuya.

Hajiya, Denver:

Ɗana, ina ƙara maka da maganar hanya, tunda a gindin duwatsun nake zaune. Kada taswirar waya ta biyo da kai ta nan ta ɗora ka a kan babbar hanyar I-70. Ramin Eisenhower, inda hanyar ta ratsa cikin dutse, yana bisa ƙafa 11,000 da ɗori, daga bakinsa zuwa garin Silverthorne gangara ce mai kashi 7 cikin 100 ta mil da yawa, a gabanta kuma ga hawan Vail mai sama da ƙafa 10,600. Makon Ista yakan faɗo ne a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, lokacin da dusar ƙanƙara ba ta gama da mu ba, kuma dokar Kolorado game da tayoyi da sarƙa a wannan yanki tana aiki daga 1 ga Satumba har 31 ga Mayu. Daga Dallas babu abin da zai kawo ka nan. Ka bi US-287 zuwa Amarillo, ka kama I-40 zuwa Albuquerque, daga can ka nufi arewa maso yamma har Cortez da Monticello, sannan US-191 ta sauke ka Moab. A wannan hanyar ma za ka taka ƙafa 7,000, amma hawan a hankali yake zuwa.

Direban babbar mota, Oklahoma City:

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma dalilin da ya sa na goyi bayanta shi ne irin birkin da ke jikin tirelar. Ba birkin lantarki ba ne da direba ke iya kamawa da hannu daga cikin mota. Birki ne na mai da ke a wuyan tirelar, yana kamawa ne idan tirela ta turo motar gaba. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya wannan yana aiki lafiya, amma a doguwar gangara tirelar tana turowa ne babu hutu, sai birkinta ya yi ta kamawa yana zafi ko da ƙafarka ba ta taɓa komai ba. Daga Monticello zuwa Moab za ka sauko kimanin ƙafa 3,000, don haka ka danna maɓallin jan kaya da ke jikin giyar F-250, ka rage gudu tun kana saman tudu, ka bar injin ya riƙe motar, idan za ka taka birki ka taka da ƙarfi na ɗan lokaci ka saki. In ka samu wurin tsayawa a ƙasa, ka kusantar da bayan hannunka ga kowace ƙafar tirela ba tare da ka taɓa ba. Ƙafar da ta fi 'yan'uwanta zafi, ko take warin ƙuna, tana gaya maka birkinta ya kama ko boris ɗinta ya fara ci.

Sai iska. Tsakanin Amarillo da Tucumcari babu itace babu tudu, kuma a watannin Maris da Afrilu iskar wurin tana kaɗa har manyan motocinmu. Jeep da aka ƙara wa tsayi, a saman tirela, kamar allon talla take ga iska. Idan tirela ta fara wutsiya, kada ka taka birki da ƙarfi, kada kuma ka yi ƙoƙarin gyara ta da sitiyari; ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe har ta natsu, sannan ka tsaya ka duba lodi. Yawancin wutsiya daga lodi take, shi ya sa ake hawa da motar da gabanta, a kai tayoyin gaba har su dafa makarin da ke can gaba, domin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin ya zauna a kan ƙwallon ja, wato ƙwallon ƙarfe na bayan mota da ake maƙala wuyan tirela a kai. Gudun da masu tirelar suka gindaya mil 55 ne a sa'a. Na san a Teksas allon hanya na cewa 75, kowa kuma zai wuce ka yana harara, amma ka lissafa tafiyar a matsayin ta kwana biyu, ka kwana a Amarillo ko Albuquerque.

Bakanike, Houston:

Ƙarin bayani kan F-250: bakin jansa ya fi na ƙananan motoci faɗi, kuma motar tana da tsayi. Ka nemi sandar ja mai saukowa ƙasa da ƙwallo mai inci 2, wanda aka buga ƙarfinsa a kai kuma ya haura fam 7,500, ta yadda tirelar za ta zauna a daidaice bayan an ɗora mota. Tirela mai aksil biyu idan ta ɗaga hanci, nauyi yana komawa tayoyin baya su yi zafi. Ranar karɓa kada ka yarda gaggawa ta hana ka zagayawa. Na taɓa zuwa wani shagon haya aka turo mini tirela mai taya ɗaya da gefenta ya tsattsage kamar busasshiyar ƙasa, yaron ya ce haka suke duka, na ce a canja, aka canja. Ka auna iskar kowace taya da ma'auninka, ka gwada fitilar birki da sigina, ka giciye sarƙoƙin tsaro biyu a ƙarƙashin wuyan tirela. Bayan ka ɗora Jeep ka sa ta a P, ka ja birkin hannu, kada ka bar giyar ƙafa huɗu a furi, domin furi na masu jan mota da ƙafafunta a ƙasa ne. Ka tsaya bayan 'yan mil na farko ka ƙara ɗaure bel, domin sabon ɗauri yakan saki, sannan ka maimaita duk inda ka sha mai.

Mai Jeep, Dallas:

Allah ya saka muku da alheri, Alhaji, Hajiya da Malam. Na auna faɗin yanzu a gareji, ya shiga da ɗan rara, kuma tayoyin asali suna nan, saboda haka zan bi shawarar canja na gaba. Tambaya ɗaya ta rage: in ɗauki hayar zuwa kawai in ajiye tirelar a Moab in sake ɗaukar wata ranar dawowa, ko in riƙe ta duk tsawon makon?

Hajiya, Denver:

Ka riƙe ta. Moab gari ne na mutum dubu biyar da 'yan kai, kuma a wannan mako duk wanda farfelarsa ko aksil ɗinsa ya karye a hanyoyin duwatsu irin su Hell's Revenge ko Poison Spider tirela yake nema. Kada kuma ka dogara da kamfanin haya na Penske a matsayin mafita, domin su ba sa ba da tirelar mota sai tare da babbar motarsu. Ka nemi farashin iri biyun a rubuce ka kwatanta, ka kira kamfanin inshorarka ka tambaye su ko suna rufe tirelar haya da motar da ke kanta, ka kuma tabbatar inshorar surukinka ta amince da kai a matsayin direba. Masaukin da za ka sauka ma ka kira su tun yanzu ka ji ko suna da filin ajiye tirela, domin ba kowane ke da shi ba, ka kuma tafi da kwaɗon da ake kulle wuyan tirela da shi.

Direban babbar mota, Oklahoma City:

Ka tambaye su maganar safaya taya kafin ka fita, domin galibi ba a haɗa tirelar haya da ita, lambar waya ake ba ka ta masu kawo ɗauki. Tsakanin Albuquerque da Cortez akwai wuraren da waya ba ta kamawa sosai kuma gidajen mai suna da nisa da juna, ga shi jan fam 7,000 zai sa F-250 ya sha mai fiye da yadda surukinka ya saba gani. Ka riƙa cika tanki da zarar ya sauko rabi, kuma ka shiga wannan yanki da rana.