Muhawara: Shin rahoton kuɗin kamfe bayan zaɓe yana amfanar mai ƙuri'a?

Barista, Wuse: Assalamu alaikum. A ganina wa'adin da Dokar Zaɓe ta 2022 ta gindaya wa jam'iyyu bai tsinana wa mai ƙuri'a komai ba. A ƙarƙashin wannan dokar, an ba jam'iyya wata uku bayan bayyana sakamako ta sanar da hukumar zaɓe ta INEC waɗanda suka ba da gudummawa, da wata shida bayan zaɓe ta kawo lissafin abin da ta kashe, da sa hannun mai binciken kuɗinta da na shugabanta. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu 2023, aka rantsar da wanda ya ci ranar 29 ga Mayu, wa'adin lissafin kuwa sai Agusta. Ihu bayan hari ke nan.

Malam, Kubwa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Barista, lissafin da aka bincika ba ya haɗuwa cikin mako guda, domin sai an tattaro rasit daga jihohi 36 da Abuja. Ni wata shida bai yi mini yawa ba.

Barista: Malam, ba binciken nake ja da shi ba. A Amurka, kwamitin ɗan takarar majalisar tarayya yana kai rahoto duk bayan wata uku, yana kai wani kwana 12 kafin zaɓe, kuma gudummawar da ta kai dala 1,000 a kwanakin ƙarshe sai ya bayyana ta cikin awa 48. Mutum yana sanin wanda ya ɗauki nauyin ɗan takara tun bai dangwala ba.

Hajiya, Gwagwalada: Ranku ya daɗe, ku duka kun ɗauka kuɗin yana barin sawu. A can yawancinsa ta banki yake bi. A nan, ku duba kamfen kansila, wanda dokar 2022 ta ƙayyade wa naira miliyan 5: mai rumfa da kujeru a hannu ake biyansa, direban bas ɗin da ya kwaso magoya baya a hannu, matasan da suka manna fastoci cikin dare ma a hannu, kuma galibi wani ubangida ne ya zaro daga aljihunsa, ba asusun jam'iyya ba. Ko kowane mako aka ce a kawo rahoto, abin da aka ga dama za a rubuta.

Malam: Hajiya ta taɓo wurin, sai dai tarar ma abin dubawa ce. A dokar 2022, jam'iyyar da ta ƙi kawo lissafi, tarar da aka sa mata ba ta wuce naira miliyan 1 ba, sai kuma naira 200,000 a kowace ranar jinkiri idan kotu ta ga dama, alhali APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 a 2022.

Barista: Na yarda tarar ta yi kaɗan. Amma Hajiya, rahoton da aka kawo ana tsakiyar kamfe, abokin hamayya da 'yan jarida za su iya ƙirga allunan talla a titin filin jirgi su kwatanta da abin da aka rubuta. Wanda ya zo a Agusta, an riga an sauke allunan.