Neman shawara: in kai Inna Tafadek ko in haƙura?

Ɗiyar Inna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Innarmu ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa da ƙaiƙayin jiki, yanzu ko salla a zaune take yi. Mun yi na asibiti, mun yi na gida. Wata maƙwabciyarmu a unguwar Bagalam, nan Maraɗi, ta ba ta labarin ruwan Tafadek, can cikin duwatsun Azbin arewa da Agadas, wai da zafinsa yake ɓulɓulowa daga ƙasa, yana warin farar wuta. Tun ranar ba ta da zance sai shi. Yayana da ke Kano ya ce asarar kuɗi ce, shi da ko kwanciyarta ta bara bai zo dubiya ba, kuma gonar da Baba ya bari a hanyar Tibiri shi ke karɓar kuɗin hayarta. Ni har na sayar da tumakina. Yaya zan yi?

Alhaji Direba: Ɗiyata, ki kai ta. Ku bi ta Konni, Tawa, Abalak. Daga Agadas kamar kilomita 80 ne, sai mota mai ƙarfi. Buzaye da mutanen Agadas sun daɗe suna zuwa can don sanyin ƙashi da ciwon fata. Ku tafi lokacin ɗari, ku riƙe bargo, daren Azbin ba wasa ba.

Malama Nas: 'Yar uwa, ba ki faɗi shekarunta ba. Tana da hawan jini ko ciwon suga? Ruwa mai zafi yana buɗe jijiyoyin jini, mutum na iya jin jiri ya faɗi, balle mai shan maganin tansiyo. Mai suga kuma ƙafarsa na iya ƙonewa bai ji ba. Zafin yana sassauta ciwo na ɗan lokaci, amma ba ya gyara gwiwar da ta cinye. Ku fara ganin likitanta.

Ɗiyar Inna: Tana shan na hawan jini, amma ai ya sauka. Likitocin nan mun gansu har mun gaji, takardar magani kawai suke miƙo mana.

Maman Biyu: Wallahi yayyen nan halinsu ɗaya. Nawa da Babanmu ya kwanta ko jika ɗaya bai aiko ba, ranar rabon gado shi ya fara zuwa.

Alhaji Direba: Malama, da tsoro irin naku da ba wanda ya warke. Shiga kaɗan, fita, a huta, shi ke nan.

Ɗan Mokoyo: Alhaji, hanyar Tawa ta lalace, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta sha wuya. Gara ta Damagaram da Tanut. Kuma a tambayi halin tsaro a Agadas kafin a shiga daji.

Alhaji Direba: Yaro, ni za ka koya wa hanya?

Ɗiyar Inna: Na gode duka. Ni dai ba zan iya kallon idonta in ce a'a ba. Akwai wanda ya san nawa ake ɗaukar mota daga Agadas, kuma mata na da wurin wankansu daban?