Albashin dubu 250 a Legas: nawa ne harajinsa?

Ɗan Agege: Salamu alaikum jama'a. Mai ɗaukar albashin ₦250,000 a wata, nawa ya kamata a cire masa na PAYE, wato harajin da ake cirewa daga albashi? Ɗan kasuwar Mile 12 da ba ya albashi fa, shi ma yana ciki?

Malam Akanta: Wa alaikumus salam. Tun 1 ga Janairun 2026 ake aiki da sabuwar dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025. Lissafin na shekara ne, hawa-hawa. ₦800,000 na farko babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, har a kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

Naka miliyan 3 ke nan a shekara, amma ba a kansa ake bugawa ba. A fara cire fansho kashi 8; in duk albashin ake yi wa, ₦240,000 ne. Sai rangwamen haya, kashi 20 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa ₦500,000. A ce hayarka ₦600,000, an rage ₦120,000. Saura ₦2,640,000. Fitar da ₦800,000, ka buga kashi 15 a kan ₦1,840,000: ₦276,000 a shekara, wato ₦23,000 duk wata. In ba ka kai rasit ɗin haya ofis ba, babu mai rage maka.

Hajiyar Idi-Araba: Ɗana, ɗan kasuwa yana ciki, sai dai a kan riba, ba a kan ciniki ba. Ya cire kuɗin sari, dako, hayar rumfa da ladan yara. Shi zai yi rajista da LIRS, hukumar tara haraji ta Jihar Legas, ya karɓi lambar mai biya, ya shigar da bayanan kuɗin shigarsa kafin ƙarshen 31 ga Maris. Wanda ba shi da littafi, ƙiyasi za su yi masa, ga shi ba shi da takardar da zai yi musu da ita. Tikitin da ake yanka a kasuwa kuwa daban ne.

Baban Ummi: Ƙari kaɗan. Jihar da kake kwana ce ke da harajin, ba inda ofis yake ba. Mazaunin Ibafo ko Mowe na Ogun ne. Kuma cirewa daban, turawa daban. Kamfani zai tura wa hukumar haraji abin da ya cire zuwa 10 ga watan gaba. In ya riƙe, ranar neman takardar shaidar biyan haraji, mai duba shekara uku baya, za ka ga babu komai a sunanka. Duba shafin eTax na LIRS tun yanzu.