Yaya zan taimaki ɗaliban aji ɗaya su kammala kwasa-kwasansu?

Assalamu alaikum, malamaina. Ni ce mai ba ɗaliban aji ɗaya shawara a sashenmu na jami'a, kuma wata matsala ta sha kaina. Ƙa'idar NUC, wato hukumar kula da jami'o'in Najeriya, ita ce ɗalibi ya yi rajistar yunit (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai) 15 zuwa 24 a zango, kuma ɗalibaina suna ɗaukar nauyin da zumuɗi, amma da yawa sukan faɗi lissafi, sai ya bi su zuwa aji biyu. Na shirya ƙarin darasi ranar Asabar, sai dai waɗanda suka fi buƙatarsa, wato masu sana'ar da suke biyan kuɗin makaranta da ita, ba sa samun zuwa. Ba na son in ce su rage yawan yunit ɗin da suke ɗauka. Wace hanya kuka gwada wadda ta riƙe irinsu har jarrabawa?