Neman kalmar Hausa ga "secularism"

Abin da ya sa na buɗe wannan zance na neman sunan Hausa ga kalmar, wanda har wasu sun kawo shawarwarinsu a kai, shi ne wata lacca da na halarta, inda mai jawabi ya faɗa da Turanci cewa Nijeriya ƙasa ce "secular", tafinta kuma, da yake ba shi da lokacin tsayawa tunani, ya ce wa jama'a, "Malam ya ce Nijeriya ƙasa ce marar addini." Nan take zauren ya ɗauki salati, wani dattijo da ke gefena ya zura carbinsa a aljihu ya fice, sauran lokacin kuwa ya ƙare wajen rantse-rantsen mai jawabi cewa shi ma da alwalarsa ya zo. Ban ga laifin tafintan ba, domin kalmar da aka miƙa masa kaya biyu ta ɗauko a gammo ɗaya, mu kuma har yau ba mu raɗa wa kowanne suna ba.

Tushen kalmar daga Latin yake, inda "saeculum" ke nufin zamani ko rayuwar wannan duniya. Wanda ya mayar da ita sunan aƙida shi ne George Jacob Holyoake a Ingila a shekarar 1851, kuma abin da yake nufi shi ne mutum ya tsara ɗabi'arsa da mu'amalarsa bisa abin da hankali da gogayyar rayuwa suka nuna, ba tare da jiran wahayi ba. Bai ɗauki hakan daidai da musun samuwar Allah ba, har ya yi muhawara a kai a 1870 da Charles Bradlaugh, wanda yake ganin aƙidar ba ta tsayuwa sai da mulhidanci. Wannan shi ne kaya na farko, kuma magana ce a kan hankali da iyakarsa. Kaya na biyu tsarin mulki ne kawai, wato hukuma kada ta ɗauki wani addini ta ce nata ne. Sashe na 10 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 wannan kaɗai ya faɗa, bai ma yi amfani da kalmar da muke jayayya a kanta ba, kuma a cikin kundin nan ɗaya aka tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga jihar da ke bukata.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa abubuwa biyu ne ita ce ana samun mai riƙe da ɗaya ya yar da ɗayan. A Amurka, Kiristoci 'yan ɗarikar Baftis na garin Danbury, mutane masu tsananin riƙon addini, su ne shugaban ƙasa Thomas Jefferson ya rubuta wa wasiƙar 1802 mai maganar katanga tsakanin coci da hukuma, kuma sun so katangar ne don tsoron kada hukuma ta taɓa musu ibada. A watan Janairun 2004 kuma, a birnin Munich, masanin falsafa Jürgen Habermas ya zauna da Kadinal Joseph Ratzinger, babban malamin cocin Katolika, wanda ya zama Fafaroma a shekarar da ta biyo. Habermas bai janye daga cewa hukuma ta tsaya a tsakani ba, amma ya yarda cewa wanda ba ya bin addini ba shi da ikon yanke hukunci tun farko cewa babu gaskiyar da zai koya daga masu addini. Ratzinger kuwa ya amince cewa addini yana da cututtukan da hankali ke warkarwa, ya ƙara da cewa hankali ma yana da nasa. In muka ba wa tafinta kalma ɗaya, ba zai iya fassara wannan zama ba sam.

Yanzu ga shawarwarin da aka kawo. Wani malami ya ce mu aro "ilmaniyya" daga Larabci, amma, Allah ya gafarta Malam, su Larabawan kansu ba su gama da ita ba. Masu karanta ta da fataha, "almaniyya", suna mayar da ita ga duniya, masu karanta ta da kisira kuma suna mayar da ita ga ilimi, ga shi wasali ɗaya ya raba zargi da kirari. A kunnen Bahaushe "ilmaniyya" tana jin ƙanshin ilimi, sai ta ba aƙidar rinjaye tun kafin a fara muhawara, "almaniyya" kuwa wasu za su ɗauka ana maganar Jamus. "Duniyanci" ya dace da asalin kalmar ƙwarai, amma duk wanda aka ce masa ɗan duniya ya san ba falsafarsa ake yabo ba. "Zamananci" yana da aikinsa tuni. "Boko aƙida" sunan faɗa ne, ba na fassara ba.

Wanda ya fi wahalar ture wa shi ne "raba addini da siyasa", domin ya riga ya zauna a bakin 'yan jarida. Matsalarsa ita ce ya ɗora nauyin a kan wanda ba shi aka nufa ba. Siyasa ta talaka ce da ƙuri'arsa, kuma babu dokar da ta hana shi shiga rumfar zaɓe da imaninsa a zuciya. Wanda aka ɗaure hannunsa shi ne gwamnati. Indiya ta gane wannan bambanci lokacin da ta saka kalmar a gabatarwar tsarin mulkinta a 1976, inda fassarar Hindi ta hukuma ta zaɓi lafazin da ke nufin rashin karkata ga wata ƙungiyar addini, ta kauce wa wanda zai iya nufin rabuwa da addini da ɗabi'a gaba ɗaya.

Saboda haka abin da nake gabatarwa suna biyu ne. Ga tsarin mulki, "ba-ruwancin hukuma", wanda na gina a kan abin da kunnenmu ya saba da shi tun zamanin yaƙin cacar baka, lokacin da gidajen rediyo ke cewa ƙasashe 'yan ba-ruwanmu. Ɗan ba-ruwanmu ba marar ra'ayi ba ne, wanda ya ƙi shiga rundunar kowa ne. Ga aƙidar Holyoake kuma, "wadatuwa da hankali", wadda ta faɗi da'awar yadda masu ita za su yarda sun yi ta, ta kuma bar wa malami fili ya tambaya ko hankali yana wadatarwa, ba tare da an zagi kowa a cikin sunan ba. Mulhidanci ya tsaya a inda yake, ga mai musun samuwar Allah.

Wata Hajiya da ta rubuto daga Damagaram ta kawo suka mai nauyi a kan sunan "ba-ruwancin hukuma". Ta ce abin da Faransa ke kira "laïcité" ba ba-ruwanci ba ne, tun da dokar 1905 ta raba coci da hukuma amma dokar 2004 ta hana ɗalibai sanya kallabi da sauran alamun addini na fili a makarantun gwamnati. Gaskiyarki, Hajiya, kuma zan ƙara miki da Turkiyya, wadda ta soke halifanci a 1924 kuma a shekarar ta kafa Diyanet, hukumar harkokin addini da ke biyan limamai albashi. Nijeriya ma tana da hukumar alhazai da ta masu ziyarar Kirista. Amsata ita ce sunan yana ɗauke da abin da hukuma ta yi iƙirari, shi ya sa yake ba mu damar ce mata, kin ce ba ruwanki, me ya kai hannunki kan ɗankwalin yarinya? Inda hannun ya yi tsawo irin na Faransa, ina ganin mu ce "ba-ruwanci irin na Faransa" mu bayyana, kamar yadda muke cewa dimokuraɗiyya irin ta wane. Da tafintan nan ya ce "Malam ya ce hukumar Nijeriya 'yar ba-ruwanmu ce a sha'anin addini", na tabbata dattijon zai yi gardama, amma a zaune zai yi ta.