Me za mu kira "palliative care" da Hausa?

Jama'a, musamman ma'aikatan asibiti da masu shirin lafiya a gidajen rediyon Kano, ku zo mu tsayar da kalma ɗaya. Akwai fannin likitanci da ake kira palliative care, har yau kowa da yadda yake fassara shi. Barin sa da Turanci kuma ba mafita ba ce, domin tun zamanin korona, balle bayan cire tallafin mai a 2023, duk wanda ya ji "faliyatif" a Kurna ko Fagge, buhun shinkafar gwamnati ne ke faɗo masa a rai.

Ga aikin: mutum na fama da ciwo mai tsanani, kamar daji ko ciwon ƙoda ko na zuciya da ya yi nisa, sai likita da nas su duƙufa wajen rage masa zogi da amai da sarƙewar numfashi, su saurari damuwarsa, su kuma tallafa wa masu jinyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ke buƙatar wannan duk shekara, amma kashi 14 cikin 100 kacal ke samu.

Fassarar da na fi ji ita ce "kulawar ƙarshen rayuwa", kuma ina roƙon mu ajiye ta. Wa zai dubi magidanci ya ce, "Alhaji, an mai da Hajiya sashen ƙarshen rayuwa"? Zai ce maka ajali na hannun Allah, kuma gaskiya ya faɗa, sannan ya naɗe tabarma ya nemi sallama. Ga shi bincike ma bai goyi bayan fassarar ba. A 2010 an wallafa wani nazari da aka yi a Boston ta Amurka kan mutum 151 masu dajin huhu da ya bazu. Waɗanda aka fara yi wa wannan kulawa da wuri, ana ci gaba da maganin dajin, sun fi jin daɗin rayuwa, damuwarsu ta ragu, kuma tsaka-tsakin abin da suka rayu wata 11.6 ne, sauran kuwa 8.9. Abin da ake so a fara tun da wuri bai kamata a sa masa sunan ƙarshe ba.

Shi kansa likitan da ya ƙirƙiro sunan a Kanada cikin shekarun 1970, Balfour Mount, gudun irin wannan ya yi: tsohuwar kalmar da ake amfani da ita, wato "hospice", gidan gajiyayyu take nufi a kunnen masu jin Faransanci.

Wata 'yar'uwa nas ta kawo "rage raɗaɗi". Aunty, kalmar ta yi daɗin faɗa, sai dai ta yi ƙunci. Cicely Saunders, wadda ta buɗe cibiyar wannan aiki a Landan a 1967, ta nuna ciwo ya haɗa jiki da zuciya da halin iyali da tunanin makoma. Kuma ina mai jinya a cikin "rage raɗaɗi"? Ita ce ke kwana a ƙasa gefen gado, ga fulas ga bokiti, ita ke juya marar lafiya don kada bayansa ya yi gyambo, ita ke zaryar kemis da takardar magani, ta baro yara a hannun maƙwabta. Kowa ya zo dubiya "ya mai jiki?" zai ce mata.

Don haka zaɓina "jinyar sassauci". Jinya ta ɗauko mutum biyun a tare, majinyaci da mai jinya. Ban ce "jinyar sauƙi" ba, saboda in an ce wane ya samu sauƙi, warkewa ake ji, kada mu sa wa iyali ran abin da likita bai yi alkawari ba. Amma in an ce ciwo ya sassauta, kowa ya san yana nan, sakin mutum ya ɗan yi har ya ci abinci, ya yi sallah, ya yi barci.

Ku gwada a baki: sashen jinyar sassauci, likitan jinyar sassauci, "Baba, za mu haɗa ku da masu jinyar sassauci, maganinku kuma ba za a tsayar ba." 'Yan'uwa na Sakkwato da Damagaram, haka "sassauci" ke sauka a kunnenku, ko kuna da wadda ta fi ta?